RUWA CIKIN BAƘIN MAI: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Dalilin wannan darasi

Ƙasar Nasarawan Doya, da sauran garuruwan Makarfi da Kudan da Ikara cikin Masarautar Zazzau, ƙasa ce ta fadama. Sunan Makarfi ya daɗe yana tafiya tare da rake da mazarƙwaila, lambunan Hunkuyi da Kudan da Ikara kuwa an san su da tumatir da tattasai da albasa. A zamanin da, da jigo da ƙwarya a ke ban ruwa. Amma tun daga shekarun 1980, sa'ad da hukumomin raya aikin gona suka shiga yaɗa ƙananan injunan ban ruwa, sa'an nan Shirin Fadama na Ƙasa ya biyo baya a 1993 da rancen Bankin Duniya, sai jigo ya ja da baya. Yau inji ne ke jawo ruwa, inji ne ke matse rake, inji ne ke niƙa hatsi.

Wanda abincinsa ya rataya ga inji, ciwon inji ciwonsa ne. Tumatirin da ya fara fure cikin zafin watan Maris ba ya jimre kwanaki da yawa ba ruwa. In inji ya buga a wannan lokaci, manomi ya yi hasara biyu, ga kuɗin gyara, ga amfanin gona. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin tafiyar da inji ya ƙaru ƙwarai, har ya zama mutane da yawa sun dogara ga haya ko injin ƙungiya. Inda aka yi tarayya a kan abu ɗaya, nan gardama ta ke tashi, ƙarshenta kuwa zauren Hakimi.

Cikin cututtukan inji akwai guda wanda ya ke yin ɓarna a ɓoye, watau shigar ruwa cikin baƙin mai. Abin da wannan darasi ya ke son tabbatarwa ɗaya ne: juye mai kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo. Sai an gano ƙofar da ruwan ya bi, an toshe ta. Gano ta kuwa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, sai lura da bin tsari.

Aikin baƙin mai

A cikin inji akwai ƙarafa da su ke gudu bisa juna. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur yakan juya har sau 3,600 cikin minti ɗaya. Abin da ya hana ƙarafan nan cin juna shi ne wani ɗan siririn shafi na mai da ke shiga tsakaninsu, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Har wa yau mai yana kwashe zafi, yana wanke datti, yana kuma tsare ƙarfe daga tsatsa.

Ruwa ba shi da yauƙin da zai ɗauki nauyi. In ya gauraya da mai, sai shafin nan ya tsinke, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sa'ad da inji ya huta kuma, ruwan ya kwanta bisa kiranshaf da ringi ya haifar da tsatsa, da safe tsatsar ta zama kamar rairayi cikin mai. Ya kamata a tuna man ba shi da yawa. Injin da aka fi gani a lambuna, irin Honda GX160 da masu kama da shi, ɗan abin da ya wuce rabin lita kaɗai ya ke ɗauka. Saboda haka cokali biyu ko uku na ruwa sun isa su ɓata shi duka.

Alamun da za a duba

1. Launi. Sabon mai garai-garai ya ke kamar zuma, tsohon mai kuwa baƙi ne. Baƙin launi ba laifi ba ne. Amma in mai ya koma kamar shayi da madara, ko ya yi kauri fari-fari kamar kunun gyaɗa, to, ruwa ya shiga.

2. Yawa. Inji cin mai ya ke yi, ba ya haifar mai. In an duba geji aka ga mai ya hau bisa inda aka bar shi, lalle wani abu ya shiga, ko ruwa ko fetur. A shinshina, a murza tsakanin yatsu. In ya tsinke yana warin fetur, launinsa kuma bai yi fari ba, laifin daga kafireto ne, ba ruwa ba ne.

3. Marfi. A buɗe marfin zuba mai a duba cikinsa. Farar kumfa mai danƙo, ko ɗige-ɗigen ruwa, alama ce.

4. Hayaƙi. Ga injin da a ke sanyaya shi da ruwa, farin tururi da ba ya yankewa daga salansa ko bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda wuta ta ke ci.

Gwaji uku

Alama tana sa zato ne kawai. Gwaji shi ke kawo tabbaci, gani kuwa ya kori ji.

*Gwajin noti.* Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa ya ke kwanciya. A bar inji ya kwana ba a tayar da shi ba. Da safe a sa kwano mai tsabta, a sassauta notin juye a hankali, ba tare da an cire shi duka ba. In ɗigon farko ruwa ne, magana ta ƙare.

*Gwajin kwalba.* A zuba man cikin farar kwalba busasshiya, a rufe, a ajiye kwana ɗaya ko biyu. Ruwa zai taru a gindi, mai ya hau bisa. Sai dai a lura: man zamani yana da sinadaran da kan riƙe ruwa su hana shi rabuwa, saboda haka rashin ganin ruwa a gindin kwalba ba ya wanke inji daga zargi.

*Gwajin cokali.* Wannan ya fi sauran kaifi. A sami tsohon cokali ko marfin gwangwani, a ɗora bisa garwashi har ya yi zafin da ya wuce na tafasar ruwa, amma kada ya yi ja. A girgiza man, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu. Mai tsabtatacce yakan bazu shiru ya yi ɗan hayaƙi. Mai ruwa kuwa sai ya yi ta tartsatsi yana ƙara, daidai da yadda man gyaɗa ya ke yi in ruwa ya faɗa kaskon mai tuyar ƙosai. Dalili shi ne ruwa yana tafasa a digiri 100, mai kuwa sai ya wuce haka nesa. Gwajin nan yakan tona ruwa ko da bai fi kashi ɗaya cikin dubu ba, tun launin mai bai sake ba. Wajibi ne a yi shi nesa da jarkar fetur, mai gwaji kuma ya kawar da fuskarsa.

Ƙofofin da ruwa ya ke bi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar kuwa ta danganta ga irin injin, don haka tambayar farko ita ce: da iska a ke sanyaya shi, ko da ruwa?

*Injin ban ruwa na fetur.* Wannan da iska a ke sanyaya shi, babu ruwa a cikin jikinsa ko kaɗan. Wanda ya ce gasket ne ya ƙone ya zuba ruwa cikin man irin wannan inji, bai faɗi daidai ba. Ƙofofinsa huɗu ne.

Ta farko, nutsewa ko dukan ruwan sama. Manoma sukan haƙa rami su saukar da inji kusa da ruwa domin ya ja da sauƙi. In mesa ta kuɓuce, ko ruwan farko na damina ya sauko da dare, sai ramin ya cika. Shaidar wannan ita ce laka ko danshi cikin matacin iska da kafireto.

Ta biyu, sil ɗin famfo. Sanda ɗaya ce ta fito daga inji ta shiga famfo, akwai kuwa sil da ke tsare ruwa kada ya biyo sandar. Rairayi yana cin sil ɗin nan, tayar da inji ba a cika famfo da ruwa ba kuma yana ƙona shi cikin ɗan lokaci. Shaidarsa ita ce ɗigar ruwa a mahaɗar famfo da inji sa'ad da a ke aiki. In aka ƙyale, laka ta toshe wurin ɗigar, ruwa na iya matsawa har ya kai ga sil ɗin mai.

Ta uku, man kansa. Man da aka auno daga buɗaɗɗen duro a bakin hanya, ko aka zuba cikin jarkar da aka ɗauraye ba ta bushe ba, ko aka bi da shi ta jiƙaƙƙen mazurari, yakan zo da ruwansa. A yi gwajin cokali ga ragowar da ke cikin jarka.

Ta huɗu, gumin inji. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da tururin da ya kai wajen lita ɗaya ta ruwa. Yawancinsa ta salansa ya ke fita, kaɗan ya ratsa ringi ya sauka wurin mai. In inji ya yi zafi sosai, tururin ya fice. In kuwa a kan tayar da shi minti biyar a kashe, musamman da sanyin asuba na watan Disamba da Janairu, sai tururin ya koma ruwa. Alamar wannan ita ce 'yar kumfa a marfi kaɗai, man da ke ƙasa kuwa lafiya lau. Wannan ba ɓarna ba ce, aikin sa'a guda cur yakan kore shi.

*Injin gas na niƙa da matsar rake.* Waɗannan iri biyu aka fi sani. Akwai mai manyan ƙafafu biyu da a ke kira Lista, wanda kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fara ƙerawa wajen 1930, daga baya masana'antun Indiya suka ci gaba da yin irinsa, ruwansa kuwa daga duro ya ke zagayowa. Akwai kuma 'yan Caina masu tukunyar ruwa a ka. Dukansu ruwa yana zagaye silinda, abin da ya raba shi da mai kuwa bai wuce gasket ɗin kai, da zobban roba da ke gindin silib, da kaurin ƙarfen kansa ba.

Babban abin da ke fasa wannan shinge shi ne zafi. In yaron inji ya yi sakaci ruwa ya ƙone, sa'an nan cikin tsoro ya kwara ruwan sanyi bisa ƙarfe mai zafi, kan inji yakan tsage ko ya karkace. Ruwan rafi mai laka kuma yana tara dafi a ciki ya hana sanyaya. Ga yadda a ke rarrabewa. In an tayar da inji da sanyinsa aka ga kumfa tana tasowa cikin ruwan tun bai yi zafi ba, ko aka ga mai yana yawo bisa ruwan, zargi ya tafi ga gasket ko tsagar kai. In ba a ga haka ba, a juye mai, a bar notin juye a buɗe, a cika ruwa a yi masa alama, a sa busasshen kwano a ƙasa, a bar shi ya kwana. In da safe ruwa ya sauka daga alama, ga shi kuma cikin kwano, to, akwai yoyo na ciki, mafi yawa kuwa zobban roba ne suka mutu ko ƙarfe ya tsage. Daga nan aiki ya zama na bakanike.

*Injin jirgin ruwa.* Babu manyan jirage a ƙasar Makarfi, amma darasin masu jirgi yana da amfani ga manomi, gama su ne suka fi kowa sanin wannan ciwo. A Yawuri da sauran garuruwan tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar ruwa a 1968, yawancin injunan da a ke maƙalawa a bayan kwale-kwale da fetur a ke gauraya mansu, ba su da wurin ajiye baƙin mai. Inda ruwa ya ke kama su shi ne man giya, can ƙasa kusa da farfela. Zaren kamun kifi yakan naɗe a sandar farfela ya yanke sil, ruwan kogi ya shiga. Matuƙin kirki yakan sassauta notin ƙasa ya duba ɗigon farko, in ya ga fari sai ya cire farfela ya nemi zaren. Ba ya tsayawa ga sake mai, gama ya san kogi bai ƙafe ba, ƙofar kuma tana nan a buɗe. Haka ya kamata mai lambu ya yi tunani game da sil ɗin famfonsa.

Magani

Da zarar an tabbatar da ruwa, a kashe inji. Kowane minti na aiki da gurɓataccen mai yana rage kwanansa.

In nutsewa ya yi, kada a ja igiya. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In fistin ya taso ya tarar da ruwa a kansa, sandarsa takan tanƙware. A fara cire fulogi, a karkata inji, a ja igiya a hankali har ruwan ya fita ta ramin fulogi. A juye mai, a zubar da abin da ke cikin kafireto da tanki, a wanke matacin iska a shanya. A ɗiga mai kaɗan ta ramin fulogi, a juya da hannu. Duk wannan a yi shi ran nan, gama tsatsa ba ta jiran ranar kasuwa. In laka ta shiga ciki, sai bakanike ya buɗe ya wanke.

Bayan an toshe ƙofar da ruwa ya bi, a zuba sabon mai, a bar inji ya yi zafi kamar minti goma sha biyar, a sake juyewa tun yana da ɗumi. A maimaita sau biyu ko uku, har gwajin cokali ya yi shiru. Kuɗin man nan bai kai kuɗin kiranshaf ba.

Man da aka juye kada a zubar da shi a fadama ko rafi ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba ko mutum a ƙurji. A tara shi cikin jarka mai marfi.

In gardama ta zo gaban Hakimi

Misali, mutum ya ba da hayar inji na mako guda, aka komo da shi mai ya yi fari. Mai inji ya ce an nutsar masa da kaya, mai haya ya ce da ciwonsa aka ba shi. Rantsuwa ba za ta raba su ba, amma injin da kansa yana iya ba da shaida. Kafin a yi sulhu, Hakimi ya sa a kawo injin yadda ya ke, kada kowa ya juye man, a kira bakaniken da ba shi da dangantaka da ko ɗayansu, a duba a gaban Dagaci ko Sarkin Noma.

In an sami laka cikin matacin iska da kafireto, nutsewa ce, nauyi yana kan wanda injin ya nutse a hannunsa. In sil ɗin famfo ya cinye saboda tsufa, gyara na mai inji ne, sai fa in an ga ya ƙone, wanda ke nuna an tayar da famfo ba ruwa. In ragowar man jarka ya yi tartsatsi, a tambayi wanda ya sayo shi. In kumfa ce kaɗai a marfi, babu mai laifi, a sallame su. Ga injin gas kuwa, a bincika ko ruwa ya taɓa ƙonewa a hannun mai aiki, ko kuwa zobban roba ne suka gaji da shekaru. Ta haka ba a ɗora wa talaka biyan abin da bai ɓata ba, ba a kuma bar mai dukiya da hasara ba.

Aikin Malamin Hakimi

Mafi yawan gardamar nan da ba ta taso ba in da an rubuta halin inji ran da aka ba da shi. Saboda haka ana shawartar kowane Malami ya taimaki ƙungiyoyin manoma na gundumarsa su buɗe littafi ga kowane inji, a riƙa rubuta waɗannan:

1. Irin injin, da lambarsa, da ranar da aka saye shi.
2. Ranar kowane juye, da irin man, da inda aka sayo shi. Ƙa'idar masu ƙera ƙananan injunan fetur ita ce juyen farko bayan aikin sa'a 20, daga nan kuma kowace sa'a 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.
3. Sunan wanda ya karɓi inji, da ranar karɓa da ranar komowa.
4. Launin mai da matsayinsa a geji, a duba a gaban mai bayarwa da mai karɓa, da fita da komowa.
5. Kowane gyara da aka yi, da dalilinsa.

Hakimai kuma su umurci Dagatai da Masu Unguwa su tunatar da jama'a tun kafin a fara noman rani: a ɗora inji bisa tudu ko katako, kada a bar shi ya kwana cikin rami, a yi masa rumfa, a cika famfo da ruwa kafin a ja igiya, a ɗaura rariya a bakin mesa, kada ta kwanta cikin rairayi, a sayi mai cikin rufaffen galan, kada a kwara wa inji ruwa da sunan wanki, kada a zuba ruwan sanyi cikin injin gas da ya ƙone ruwa sai ya huce. In damina ta kama, a juye mai a zuba sabo, a ajiye inji a ɗaki busasshe. Inda abu ya gagara, a nemi malamin gona na Ƙaramar Hukuma.

Duba geji kowace safiya ba ya cin minti ɗaya. Gundumar da manomanta suka saba da wannan, Malaminta kuma ya riƙe littafi da kyau, injunanta za su daɗe, zauren Hakiminta kuma zai huta da ƙarar haya.